Masar Yaya Yelwa da Akwatin Ƙofar Gidanta

Idan kun ji ana cewa jam'iyyar Rumbu ta ci zaɓen gwamna sau bakwai a jere, to ku sani da masa aka yi aikin, kuma Yaya Yelwa ce ta toya ta. Kwanan nan ofishin jam'iyya na jiha ya buga littafin tarihinsa, mai bango mai sheƙi, har da hoton direban ciyaman a ciki, amma babu sunanta ko a gefen shafi. Shi ya sa na ɗauko biro. Ni ce Amatullah, sakatariyar mata ta mazaɓarmu a Ɗan Iya, kuma zan faɗa har da nawa abin kunyar, don ni ma ban fita ba.

A Zungur aka haifi Yelwa. Aure ya kawo ta Bauchi, mijin masinja ne a wata ma'aikata, ya rasu ya bar mata yara huɗu da tanda ɗaya. Sai ta kafa tandar a ƙofar gida, daidai fuskar makarantar firamare, inda ake ajiye akwatin zaɓen layinmu. A zaɓen farko Ɗanlarai, wanda yanzu shi ne ciyaman ɗin mazaɓa, a lokacin kuwa fosta yake mannawa da kamu, ya roƙe ta ta aika wa ejan ɗinmu masa, wato wakilan da ke tsaron akwati. Hujjarsa ita ce ejan mai jin yunwa da farantin shinkafa ake saye shi. Ta aika, aka ci zaɓe. Daga nan ta zama uwar tukunyar jam'iyya, ba takarda, ba rantsuwa.

Aikin ba wasa ba ne. Ana jibi zaɓe za a jiƙa shinkafa, ana gobe a kai niƙa, a bar ƙullu ya tashi. Da asuba tanda uku na wuta, miyar taushe na tafasa, mu mata goma sha ɗaya muna kai da komo. Keke Napep uku ke ɗaukar kuloli zuwa akwati goma sha tara, ni ce mai riƙe da sunayen ejan don kada wani ya ci sau biyu. Masa kuwa ba ta jiran mutum, ka juya baya ta ƙone. Ana gama ta sai a ɗora dafa-duka ta rana. Kafin mu wanke hannu la'asar ta yi, an rufe layi, muna jiyo ƙirga daga tsallaken titi. Sai mu rangaɗa guɗa mu ce mun ci. Haka muka yi shekara ashirin da huɗu.

Abu ɗaya Yelwa take so a duniyar siyasa, kujerar shugabar mata ta mazaɓa. Mai wannan kujera a layin gaba take zama a cikin rumfa, a kira sunanta da lasifika, a kawo mata abinci har gabanta. Ita kuwa duk jawabin da aka taɓa yi daga bayan katanga ta ji shi, hayaƙi na sa ta hawaye. Ta sha ce mini, "Amatullah, sau ɗaya dai nake so in ci abincin da ba ni na dafa ba, in ce gishiri bai ji ba."

Gab da zaɓen da ya wuce tsohuwar shugabar mata ta bi ɗanta Gubi da zama, kujera ta zama ba kowa. Ofishin jiha ya fito da doka, wai duk mai neman muƙami sai ya kawo akwatinsa, wato jam'iyya ta ci a akwatin layinsu. Ɗanlarai ya zo har bakin tanda, ya ɗauki masa biyu ba tambaya, ya ce, "Yaya Yelwa, idan akwatin ƙofar gidanki ya zo, kujera taki ce. Na yi magana da sama."

Muka yi dariya har da tafawa. Akwatin da bai taɓa faɗuwa ba? Ni da rawar kai har na rubuta mata jawabin godiya shafi biyu, tana haddacewa tana juya masa.

Akwai wata Mary mai shagon ɗinki a bakin layi. Shekara takwas tana wanke mana tukwane ranar zaɓe, har aka yi wani rabon atamfa aka tsallake ta, ta yi fushi ta koma wurin 'yan adawa. Muka ce Allah raka taki gona. Ranar zaɓe da hantsi sai ga ta da ayarin mata, kowace da katinta a hannu. Ta tsaya ta gaishe mu.

"Mama Yelwa, sannu da aiki. Ba za ku shiga layi ba?"

Ni ce na karɓe, don bakina ba ya zama. "Je ki kama mana wuri. Mu da muke cin zaɓe tun ba ki san dangwala ba?"

"To Anti Amatullah, in riƙe muku har la'asar ɗin, kamar yadda aka saba?"

Matan suka ƙyalƙyale da dariya. Yelwa ta ƙulla mata masa biyar a takarda ta ce ta ci a layi, rana za ta yi zafi. Ko a jikina ban ji komai ba. Ban tuna cewa yarinyar nan a cikinmu ta zauna ba, ta san abin da ciyaman bai sani ba.

Da la'asar aka fara ƙirga. Mun wanke hannu, mun gyara ɗaurin kai, mai guɗarmu ta riga ta kama hanci. 'Yan adawa ɗari da arba'in da uku. Rumbu ɗari da talatin da tara. Guɗar ta maƙale a wuyan baiwar Allah, ta koma tari. Ƙuri'a huɗu aka fi mu, mu kuma sha ɗaya ne a tsaye a bakin tanda. Ba sai wadda ta yi sakandare ba za ta yi wannan lissafin, amma ni da na yi ɗin, sai da na sake shi sau biyu ko zai canza.

Can sai ga Ɗanlarai a guje, hula a karkace, yana faɗin an yi mana maguɗi. Ya zo daf da mu ya tsaya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ku nuna mini babban yatsanku."

Muka miƙa. Yatsa goma sha ɗaya, duk man gyaɗa, babu ɗigon tawada ko a ɗaya.

"Inna lillahi. Yau kaɗai, ko kullum?"

Yelwa ta ce, "Ciyaman, shekara ashirin da huɗu kana cin masa da zafinta. Ka taɓa tambaya wa ke tsaron tanda?"

Ya juyo kaina. "Har ke, Amatullah?"

Har ni. Ni da nake bi gida-gida ina gaya wa mata ƙuri'arku 'yancinku. Ni da na taɓa zagin ƙanwar mijina tas don ta tafi biki ranar zaɓe. Kullum cewa nake ai an riga an ci, tawa ɗaya me za ta ƙara. Ashe duk mu sha ɗayan abin da muke faɗa wa kanmu ke nan, kowace tana zaton sauran jiha na can a layi dominta.

Jam'iyya ta ci jiha kamar yadda ta saba, aka yi ta kiɗa a gari. Na ja Yelwa muka hau keke zuwa ofishin jiha. Sakataren ofishin ya bar mu a benci har azahar, sannan ya duba takarda ya ce, "Hajiya, akwati bai zo ba. Doka ce." Na ɗaga murya, na lissafa masa zaɓe bakwai, na ce shi kansa kumatun nan nasa da masarta aka gina su. Ya ce a ba mu ruwa. Da fitarmu Yelwa ta ce in rage surutu, kaina zai yi ciwo.

Bayan sati uku Mary ta sauya sheƙa, ta dawo Rumbu da mata arba'in. Ofishin jiha ya ce wannan mace ce mai jama'a, ta nuna ta iya kawo akwati. Akwatin namu fa, wanda ta ƙwace! Suka ba ta kujerar. Aka sa ranar bikin karɓarta, kuma Ɗanlarai, da yake kunya ba ta taɓa kwana a gidansu ba, ya aiko wa Yelwa buhun shinkafa.

Na ce, "Yaya, in kika toya masar nan ban san ki ba."

Ta ce, "In ban toya ba wata za ta toya mai tsami, a ce tawa ce."

Na rantse ba zan taka wurin ba. Ranar biki ni ce a tanda ta biyu.

Muna bayan katanga muka ji an kira sunan Mary da lasifika. Da aka gama jawabi sai ga ta ta zagayo cikin sabon leshi, kujerar roba a hannu ɗaya, faranti a ɗaya. Ta ajiye kujerar kusa da wuta.

"Mama, zauna ki ci. Wallahi ban so abin ya faɗo a kanki ba."

Yelwa ta dubi farantin ta ce, "Ni na dafa, me zan kushe?" Amma ta zauna, don ƙafarta ta gaji. Ta ce a kira mata ciyaman. Ya zo yana sakace.

"Ɗanlarai, zaɓe mai zuwa ba a hura wuta sai yatsa sha ɗaya sun yi tawada."

"Haba Yaya, ejan fa?"

"Su ɗauki azumi."

"To amma dai Rumbu za ku dangwala wa ko?"

Ta miƙa masa masa ɗaya ta ce ya ci tun da zafi.

Kujera dai ta tafi, jawabina shafi biyu an ƙulle masa da shi. Yelwa ta tono katinta daga gwangwanin allura, ta sa masa zare ta rataye a ƙusa saman tanda, inda duk mai sayen masa zai gan shi. Kullum na je sai ta nuna shi da cokalin juyi ta ce, "Sakatariya, ina naki?" Ina ce mata yana nan a adane. Na zazzage akwatin kayana sau uku, na duba har cikin takardun sakandare, har yau ban gan shi ba.