Hoton Ƙeyar Hajo

Shekarar da sojoji suka ce za su mayar wa farar hula mulki, bayan an gama kai hatsi rumbu, wata ranar kasuwar Gazawa na tsaya gaban rumfar wani mai gyaran salula, wato wayar hannu, igiyar kamarar babana naɗe a wuyan hannuna har ta yi mini shata. Shekarata goma sha biyu. Samari sun cika rumfar, wasu caji ya kawo su, wasu zaman banza, injin wuta yana ta ƙugi a baya. Mai gyaran ya miƙo hannu, na ƙi saki. Babana ya ce, "Barira, ba shi mana." Na miƙa kamarar, amma igiyar ta tsaya a hannuna, dole ya sunkuyo kafin ya duba ta. Samarin suka bushe da dariya. Ni ban yi ba, domin na san abin da ke cikin kamarar, su ba su sani ba.

Babana, Ilu Mai Hoto, manomi ne kamar kowa a ƙauyenmu, gero da wake da ɗan fegin aya. Hoto sana'ar rani ce. In an kwashe amfanin gona sai ya hau motonsa ya bi ƙauyuka, suna ne, biki ne, ko mai neman katin ɗan ƙasa. Amma gidajenmu da yawa ba shiga ne, namiji iyakarsa zaure. Nan aikina ya fara. Ba a sa ni lakol ba, makarantar boko. Safiyata ta rijiya ce da surfe da yankar haki wa awaki, in na samu sarari mu yi carafke a gindin bishiyar bedi. Baƙin rubutu ko ɗaya ban sani ba sai bayan na haifi ɗana na biyu na shiga ajin manya. Da alamu na koyi kamarar: nan ake dannawa a ɗauka, koriyar kibiya a gani, ɗan kwandon shara a goge. Babana ya zauna zaure suna hira da maigida, ni in shige ciki da ita rataye a wuya.

Matan suna da dokarsu, kuma ba babana ya kafa ta ba. Da farko a ɗauki hoton da zai fita, mayafi har goshi, fuska a ɗaure kamar an aiko da rasuwa. In an gama wannan sai a tura yaro ya tsare ƙofa, a zubar da mayafai. Wannan ta ce in ɗauke ta tana rawa da taɓarya, waccan ta ɗaura zane a ƙirji ta nuna lalle har gwiwar hannu, tsohuwa ma ta buɗe bakin da ba haƙori. Su taru a kaina suna kallon ɗan gilashin baya, suna dukan cinya don dariya. Sannan in goge su ɗaya bayan ɗaya a gaban idonsu. "A gani a goge," haka suke cewa. Babana bai taɓa ganin ko ɗaya ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Hajo matar ɗan liman ce, shekararta biyu da aure, mijinta yana ci-rani a kudu. Ranar nan ta aiko in zo, an yi mata sabon kitso. Babana ya cire katin da hotuna ke zama a kai ya tafi Maradi wankin hotunan ƴan takara, amma na san kamarar tana da ɗan cikinta, tana riƙe hotuna kaɗan ko ba kati. Hajo ta ce tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin ƙeyarta ba, madubinta bai fi tafin hannu ba. Ta zauna bisa turmin da aka kife, ɗaurin ƙirji, ta ba ni baya, ta waiwayo tana dariya. Na danna. Na ga hoton ya fito, na taka zan kai mata, sai ɗanta mai rarrafe ya kama igiyar ya finciko. Kamarar ta faɗi da ido cikin rairayi. Idon nan da ke fitowa ya koma ya tsaya a waje, a karkace. Gilashin ya yi baƙi. Na hura, na goge da bakin zane, na cire batir na mayar. Shiru.

Ba sai an faɗa wa kowa abin da wannan ke nufi ba. A damanar da ta wuce, a wani ƙauye kusa da Cadawa, hoton wata matar aure ba mayafi ya shiga salular wani, daga nan ya bi salulolin samari har tasha. Ba ta yi komai ba, wanki take yi. Kafin wata ya mutu tana gidan ubanta. Hajo kuwa surukar liman ce. Washegari na bi ta bayan dangarsu da tulu a ka, ta kira ni ta tsakanin kara, muryarta ta dushe. Ta ce, "Barira, in hoton nan ya fita, ni ma na fita." Kwana biyu tuwo bai wuce mini ba.

Da babana ya dawo ya ga kamarar, sai ya zauna bakin rumbu ya yi tagumi. Lokacin zaɓe ya matso, duk mai son zama konseye, wato kansila, yana son fuskarsa a jikin bango da bishiya, har da waɗanda ko akuyarsu ba ta bin su. Irin wannan kaka ba ta zuwa kowace shekara. Na ce masa, "Baba, akwai abin da ba a goge ba." Bai tambayi hoton wa ne ba. Ya ɗaura buhun wake a bayan moto, ya ce in hau.

To, ga mu a rumfar. Mai gyaran, wani siriri mai tabarau a goshi, ya juya kamarar ya girgiza ta kusa da kunne, ya ce rairayi ya karya abin da ke tura idon. Hanya biyu ce, in ji shi. Ko a bar masa ita ya aika tsallaken iyaka a nemo kayan gyara, ko a bar masa ita ya fiɗa ya yi amfani da kayanta, babana ya cika da kuɗin wake ya ɗauki sabuwa. Ya ciro wata baƙa mai dogon ido daga kwali, tana walƙiya. Babana ya kasa ɗauke ido daga kanta. Na ce ba za a bar ta ba. Wani saurayi ya ce, "Malam Ilu, kai ne uban ko ita?" Wani ya ce ƙila hoton saurayinta ne a ciki. Mai gyaran ya yi murmushi ya ce, "Ƴammata, in hotuna kike ji, kwantar da hankalinki, yanzu in fiddo miki su." Kafin in gane abin da yake nufi ya soka wata siririyar waya a gefen kamarar, ɗaya bakin a jikin kwamfutarsa. Kwamfutar ta yi ƙara. Samarin duk suka miƙo wuya.

Ban san lokacin da na fizge ba. Wayar ta tsinke, kwalbar sukurorinsa ta kife, na cusa kamarar cikin rigata na rungume da hannu biyu. Mai gyaran ya miƙe yana zagi, ya ce wannan ɗiya ba ta da tarbiyya. Babana ya ɗaga hannu. Na rufe ido ina jiran mari, na kuma ƙudurta ko zai kashe ni ba zan saki ba. Marin bai sauka ba. Da na buɗe ido ya durƙusa yana tsince sukurori daga ƙasa, mutum mai furfura a gemu, gaban yaran da ya isa ya haifa. Ya ba da haƙuri, ya biya waya, ya ce, "Tsohuwar za mu koma da ita. Nuna mana abin da wake zai iya."

Wake bai iya baƙar ba. Mai gyaran ya zube mana ƴan gwanjo bisa tebur, fuska a murtuke. Babana yana duba ƙarfin ido da daɗewar batir, ni abu ɗaya nake nema. Na ce a cire kati a ba ni. Ta farko, mai ruwan azurfa, na danna ta ɗauka. Na ture ta. Babana ya ce ai ta fi kyau, na ce tana da ciki. Ta biyu ma ta ɗauka. Sai wata ja, gefenta duk ya kuje, murfin batir ɗaure da roba. Na danna, wani rubutu ya fito, na juya ta ko'ina ba ta ajiye komai ba. Mai gyaran ya ce wannan in ba kati ba ta riƙe ko inuwa, aibinta ke nan. Na ce ita muke so. Babana ya yi ajiyar zuciya ya ɗauka.

Ba a kyauta muka sha ba. Jar kamara ba ta son inuwa, in rana ta karkata fuskoki su fito kamar an shafa musu toka. Babban ɗan takarar yankinmu ya duba hotonsa ya ce ya yi kama da mai jinya, ya kwashi mutanensa suka koma wurin wani mai hoto a Agye. Ranin nan miyarmu ba ta ga nama ba sai ranar suna. Babana bai taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya.

Tsohuwar kamarar kuwa, da la'asar ɗin ranar na kai wa Hajo a ƙarƙashin tallar ƙuli-ƙuli. Ta ja ni bayan ɗaki, ta ɗora ta bisa dutsen niƙa, ta ɗauki ɗan dutsen da hannu biyu. Abin da ya ci mana wake da ƴan takara, ta niƙe shi kamar barkono, ta tattara a ganye ta zuba masai. Sannan ta zauna ƙasa ta yi kuka, ta tashi ta dama mini fura.

Yau kowace mace a ƙauyenmu da salula a ƙugu, hoto yana isa Legas kafin mai shi ta gyara ɗankwali. Ba mai tsare ƙofa, ba mai taruwa a kan ɗan gilashi ɗaya. Babana ya rasu, jar kamara tana cikin kwallata. Hajo tana ɗakinta, ɗan da ya finciko igiyar yana tuƙa kabu-kabu a Gazawa. Wani lokaci in mun haɗu wurin biki takan matso ta ce, "Wai da gaske kitson nan ya yi kyau a hoton?" In ce mata layi-layi ne kamar kunyoyin aya bayan ruwan farko, wuyanta kuma yana sheƙi. Ta yi dariya ta ce ƙarya nake yi. Ni kaɗai na gan shi, ƙiftawar ido ɗaya, kuma har yau bai goge ba.