Mai Wanki a Gidan Marayun Nuzla

Ana kiran sallar farko muka bar Malumfashi, ni da ƙanena da wata abokiyar karatuna ta Islamiyya. Motar Kano ta cika maƙil, ga buhun kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da matan unguwa suka tara wa marayu, direba yana ta mita wai motarsa za ta yi wata tana wari. A filin jirgi ma wani ma'aikaci ya zura hannu cikin daddawar, ya sansana, ya yi maza ya ɗaure buhun da kansa. Zuwana Jidda na biyu ke nan. Shekara huɗu da suka wuce, bayan aikin hajji, na zauna wata uku ina taya aiki saboda Allah a wani gidan marayu da ke Nuzla, tun daga nan kuma hankalina bai bar gidan ba.

Washegari da hantsi muka sauka. Zafin Jidda ba irin namu ba ne, mai danƙo ne, kafin ki kai bakin titi mayafi ya manne miki a wuya. Garin ya canja, ko'ina gini ake yi, ko'ina an haƙe hanya, motoci kuwa har sun fi mutane gaggawa. Nuzla dai tana nan yadda na bar ta: lunguna, gidajen katako da kwano, jakuna na jan tankin ruwa, awaki na cin kwali. Gurasar tamis da muke karyawa da ita da wake ta ninka kuɗi, ta kuma rage faɗi.

Mai gidan marayun, Amma Sa'adiyya, ta tarye mu da kuka da faɗa lokaci guda, wai na rame, wai ban rubuto wasiƙa ba. A Jidda aka haife ta, kakanninta ne suka zo da ƙafa daga ƙasar Hausa, ita ba ta taɓa ganin gida ba. Hausarta rabi Larabci ce, in ta ce “yalla” har kajin gidan sai sun kama kansu. Yaran da take riƙo duk 'ya'yan alhazai ne da suka rasu a hanya ko a asibiti.

Ni dai idona Maryama yake nema. A gabana aka kawo ta wancan zuwan, tana 'yar shekara biyu, a bayana ta yi ta barci har na tafi. Yanzu ta kai shida, ta yi wushirya, tana zuba Larabci ina bin ta da ido. Amma Sa'adiyya ta yi mini albishir cewa wani attajiri na Madina da matarsa, mutanen kirki marasa haihuwa, za su zo ranar Asabar su tafi da ita. Na yi murna ƙwarai, har na zauna na fara ɗinka mata riga.

Aikina bai canja ba: karatun allo da safe, kitso, tuƙa tuwo, raba faɗa. A nan na lura da wata mata mai suna Dije da ke zuwa wanki. Ramammiya ce, mai zanen Katsinawa a kunci, ba ta da yawan magana. Amma Sa'adiyya ta ce shekara uku ke nan tana zuwa, ba ta karɓar komai sai abinci, baiwar Allah ce, aibinta ɗaya ta tsani Maryama. Kowane yaro tana kiran sunansa, tana goya shi, amma ban da wannan. In yarinyar ta matso sai ta kau da kai.

Na sa ido. Ranar farko na ji ta ce da wata yarinya, “Gaya wa waccan ta sa takalmi.” Rana ta biyu aka ba ta nama a abincinta, ta tsame shi, ta ba wani yaro ya kai wa “waccan”. Da na duba kayan da ta wanke, rigunan Maryama kaɗai aka ninke daban, an ɗinke duk inda ya yage. Haba, wace Bahaushiya ce za ta ga wannan ta kira shi ƙiyayya? Kunyar 'yar fari ce tsagwaronta, irin ta mutanen ƙauye da ba su sassauta ba.

Ranar Alhamis na same ta a bakin tanki tana matse zane. Na tsuguna, na kama ɗaya bakin, na ce, “Dije, ta fari ce ko?”

Ba ta ɗago ba. Hawaye kawai na ga yana ɗiga cikin kumfa. A hankali labarin ya fito. Mijinta ya rasu suna sauka daga jirgin ruwa, ita kuma zazzaɓi ya kwantar da ita. A asibiti aka kira Amma ta yi tafinta, ga maza tsaye, aka tambaye ta ko yarinyar 'yarta ce. Ta juya fuska bango ta ce ta mutanen gidansu ce, kamar yadda kowace mai kunya za ta ce a garinsu, balle yarinyar sunan uwar mijinta ta ci. Amma Sa'adiyya ta faɗa wa malaman asibiti yadda ta ji, aka rubuta marainiya. Da Dije ta tashi bayan watanni, takardunta sun mutu, ta ji tsoron a ce maƙaryaciya ce a kore ta ita kaɗai. Ta bi tambaya har ta gano gidan, ta ga 'yar tana ci tana ƙoshi, sai ta nemi wanki, Amma Sa'adiyya kuwa ba ta shaida ta ba.

Raina ya ɓaci, na yi mata faɗa sosai. Na ce jibi za a tafi da yarinyar Madina, ita tana nan tana kunya? Ta ce ta sani, ita ta wanke kayan tafiyar.

Da na kai wa Amma Sa'adiyya labarin, ba ta yarda da sauƙi ba. Ta ce ita ba ta taɓa jin uwar da ke gudun sunan 'yarta ba, a Jidda da sunan ɗan fari ma ake kiran uwa, tana alfahari. Sai da abokiyar tafiyata ta rantse mata cewa ita ma uwarta har ta rasu ba ta taɓa kiran sunanta ba. Amma Sa'adiyya ta zauna daɓas a kan tabarma, ta daɗe tana istigfari. Daga baya ta ce ta ba mutanen Madina alkawari, ba za ta warware shi da zancen wani ba, sai Dije ta faɗa da bakinta a gaban limamin unguwa.

Bayan sallar Juma'a liman ya zo da dattawa biyu. Dije ta ciro fasfon mijinta daga wata jakar fata da ke wuyanta, ga sunan yarinyar a ciki. Liman ya duba, ya ce ya gani, amma yana so ya ji. Ta rufe fuska da mayafi. Mun daɗe muna jira, har na fara fid da rai.

“Maryama,” ta ce, muryar da ƙyar take fita. “Ni na haife ta.”

Yarinyar tana bakin ƙofa, ta waiwayo don ta ji an kira ta, ta tsaya tana kallon mai wanki da mamaki. Ba ta ruga ta rungume ta ba, ban kuma sa ran haka ba. Amma Sa'adiyya ta share ido ta ce halas, an gama, ƙanenta zai tsaya wa Dije kafili, wato mai lamuni, a nema mata iƙama ta zaman ƙasa, ta dawo gidan da zama. Mutanen Madina sun zo Asabar, aka ba su haƙuri, matar ta yi kuka, na tausaya mata har raina.

Na ƙara sati biyar a gidan, muka yi umara, muka kamo hanya. Ranar da zan taho na bar Dije tana yi wa yarinyar kitso, ta koma ce mata “ke”, amma dai a kan cinyarta kan yake.

A jirgi na yi ta tunani. Kunyarmu abu ce mai kyau, amma a inda aka san ta take da kyau. In kin fita inda ba mai karanta shirunki, sai ki buɗe baki. Da muka sauka Kano, babban ɗana ne ya zo ya tarye ni, da gemunsa da 'ya'yansa biyu. Na yi niyyar in kira sunansa, wallahi na yi, harshe ya ƙi. Da muka isa gida na ɗauko takardar da nake ajiyewa cikin fasfona, na rubuta sunansa cikakke, a ƙasa na sa: ɗana ne, na fari.