Malam Sabi'u da Fadar da Bai Taka Ba

Ina cikin jirgin ƙasa na metro a Dubai zan tafi unguwar Deira, da hantsin Talata, Hajiya Rabi ta kira ni ta ce mai gidanta, Malam Sabi'u, ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da na wuce tashata da biyu kafin na farga.

Shekara shida muna aikin kafinta tare a Al Quoz. Shi ya koya mini duba jijiyar katako kafin in ɗora masa zarto. Wata rana wani ɗan Sin da muke aiki da shi ya nuna masa hoton tsohuwar fadar sarakunansu ta Beijing, mai jar katanga da rufi ruwan ɗorawa, wadda a da ba a barin talaka ya shiga. Tun daga nan fadar ta shiga ransa.

Lokacin hutun rana yakan jingina da tulin katako, ido a lumshe, yana ba mu tarihinta. Ya ce wani sarki ne ya mayar da mazauninsa arewa, ya sa aka saro manyan itatuwa daga dazukan kudu, koguna suka yi ta turo su shekara da shekaru. Duwatsun kuwa sai da sanyi ya tsananta ake kwarara ruwa a hanya, ya daskare, a ja su a kan ƙanƙara. Muna cikin zafin Dubai, amma wallahi har sanyin nan mukan ji.

Yakan ce, "Sarkin an rubuta sunansa. Ni kafintocin nake so in je in gaishe su."

Bara ya samu hutu, bizar Sin ta fito. Sai aka aiko daga Kano cewa mahaifiyarsa ba lafiya. Na ce ya je Beijing ko na kwana uku ne tukuna. Ya girgiza kai ya ce, "Katangar za ta jira ni, Sani. Inna ba za ta jira ba." Ya wuce Kano, a hannunsa ta rasu. Bai daɗe da dawowa ba shi ma ciwo ya kwantar da shi, tafiyar ba ta sake yiwuwa ba.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Sabi'u, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Ka ba Hajiya Rabi da 'ya'yanta haƙuri, ka zama gatansu. Ka haɗa shi da Innarsa a gidan Aljanna, inda ba a rufe wa kafinta ƙofa. Amin.