Burtuntuna da Itacen Bature

Har yau idan baƙin tukunya ya shafar mini tafin hannu, sai na tuna da kakana. Haka hannunsa ya yi baƙi wata shekara a gonarmu ta Choggu, ina 'yar ƙarama.

Damina ta yi kyau, dawa ta fi mutum tsayi. Ranar girbi muka fito daga Zongo da kwanduna, ana ta raha. Kaka ya kamo zangarniya ya murza, maimakon ƙwaya sai baƙin gari ya zubo. Ya kamo wata, haka. Ya bi kunyar nan har ƙarshenta, duk haka. Burtuntuna ce, cutar dawa, ta cinye hatsin ta ciki ta bar mana kara a tsaye.

Babana ba ya wurin. Tun shuka aka ɗebe su aikin dole, shi da wasu mazan unguwa, suna dasa wa Bature wani itace a hanyar bariki, suna yi masa ban ruwa. Waɗanda aka dasa tun da can sun girma, dogaye sirara, ganyensu kamar gashin wutsiyar doki, iska na kaɗawa suna fito. Ta ƙarƙashinsu muka dawo, kwanduna wayam.

Na ce, "Kaka, ana cin 'ya'yan wannan?"

Ya ce, "Ba a ci, amaryata. Ko akuya ba ta duban ganyensa. Dubi gindinsa, ciyawa ma ta ƙi fita. Burtuntuna dai ta ci ta ƙoshi, baɗi wataƙila ta bar ni. Shi wannan ya zo zama, kuma ɗana ke masa dakon ruwa."

Rani ya yi mana tsawo. Innata ta riƙa dama ɗan garin da ya rage da kuka, ruwa-ruwa, har nono ya ƙafe mata. Ƙanena na goye bai ga ruwan fari ba. Da aka saki babana, ya zauna bakin ɗan kabarin, sannan ya bi mota zuwa gonakin koko na Kumasi, ya ce zai dawo mana da hatsi. Kaka ya jira shi har idonsa ya mutu, bai dawo ba.

Kwanaki na sa jikata ta kai ni Choggu. Gidaje ne da shaguna, ban gane ko kusurwa ɗaya ba. Wata mai koko ta ga ina ta waige-waige, ta ce, "Hajiya, wa kike nema?"

Na buɗe baki, na rasa wanda zan ambata.