Ƙwayar Baba Ta Zama ta Gari

Baba bai taɓa faɗa mani da bakinshi cewa fitsari na ba shi wahala ba. Ni ne ɗan farinshi, ko sunana ba ya kamawa, balle ya yi mani irin wannan zance. Inna ce ta aiko a gaya mani. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Kankiya, a shekarun da kuɗin mai suka shigo har irinmu muka sayi babur.

Da na je garinmu Kaikai na tarar mutumin da ba ya fashin Juma'a a Kusada ya daina zuwa. Zai ɗauki buta ya zagaya, ya daɗe, ya dawo yana tsaki, kafin ya zauna sosai ya sake tashi. Na ce mu je asibiti.

"Wa ya ce maka ba ni da lafiya?"

"Babu kowa, Baba."

"To, koma wurin aikinka."

Damina guda ya yi yana shan jiƙe-jiƙe. Sai da kaka, ana tsakiyar yankan dawa, abin ya toshe gaba ɗaya. Mararshi ta kumbura, zufa na zuba, amma da muka sa shi a motar kasuwa faɗa yake yi wai an bar dawa a ƙasa. A babban asibitin birni aka sa mashi roba, aka zuƙe fitsarin. Likita ya yi mani bayani: akwai wata tsoka a ƙarƙashin mafitsarar namiji, idan an manyanta sai ta yi girma ta matse hanya. Ya kawo maganar tiyata. Baba ya ce wuƙa ba za ta taɓa shi ba sai dai bayan ranshi. Likitan ya ce to, akwai wata ƙwaya da ba ta daɗe da shigowa ba, ba ta rage girman tsokar, amma tana sa ta saki, hanya ta buɗe. Ya ja kunne sosai: tana saukar da jini, kada a sha sai za a kwanta, kuma kada a miƙe da sauri, jiri zai iya kayar da mutum.

Ƙwaya ta karɓe shi. Ya koma masallaci, ya koma kasuwa. Ni kuma na samu sabon aiki, domin ba a samunta a Kankiya, sai na hau mota zuwa Kano na bi kantunan magani ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya ɗaure mani kai, maganin wata guda sai ya ƙare kafin tsakiyar wata. Na tambaya, ya ce masu kanti ne ke cutata don ba ni da wayo. Na sake tambaya, ya ce ƙila ɓera ne.

Wata Asabar na iso da la'asar, na same shi da abokanshi a gindin itacen bedin ƙofar gida. Aka kira salla. Tsofaffin nan babu wanda ya miƙe kai tsaye. Kowa ya dafa gwiwa, ya ɗan tsaya, ya kama itace ko kafaɗar na kusa, sannan ya ɗaga a hankali. Baba na cewa, "Sannu-sannu dai, haka likita ya ce."

Ban gama fahimta ba sai ga wani saurayi daga rugar da ke bayan gari, ya ce mahaifinshi, wani Bafulatani tsohon abokin Baba, ya faɗi a bakin rijiya wajen shayar da shanu, goshi ya fashe. Wai da safe ya haɗiye biyu daga ƙwayar da Baba ya ba shi don ta fi saurin aiki.

Na jira har muka shiga zaure. Ban taɓa ɗaga mashi murya ba, ranar ma ban ɗaga ba.

"Baba, maganin nan naka ne kai kaɗai."

"Ciwon nawa ne ni kaɗai? Duk waɗanda ka gani haka suke fama, kunya ta hana su faɗa. In zauna ina jin daɗi, mutumin da muka yi kaciya tare yana ɗiga a wando?"

"Zai iya kashe wani."

"Ai na gaya masu su tashi a hankali. Shi ne bai ji ba."

Ya juya baya, zance ya ƙare a wurinshi.

Hutun makarantar nan kaf a hanya na yi shi. Na riƙa goya abokan Baba a babur zuwa bakin titi, mu shiga mota, in kai su gaban likita, kowanne yana rantsuwa lafiyarshi lau, rakiya kawai ya yi. Wasu aka rubuta masu nasu. Ɗaya aka ce ciwon sukari ne, ƙwayar Baba ba ta da abin da za ta yi mashi. Bafulatanin aka ɗinke mashi goshi, daga baya aka yi mashi tiyata, ya warke sarai, ya aiko wa Inna da man shanu.

Maganin Baba kuwa na damƙa wa Inna, ta ɓoye cikin kwanukan jerenta, tana ba shi ɗaya-ɗaya. Ya yi fushi da ni har aka shiga azumi. In na gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri, ya gaya wa duk wanda ke kusa cewa boko na sa mutum rowa.