Dubu Takwas da Ɗari da Ashirin da Takwas

Mahaifina malamin hisabi ne a Haɗeja, a hannun wani Babarbare ya ɗauko ilimin. Ni ne ɗan farinsa, bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai wannan". A zamanin Turawa aka kai ni makarantar Midil a Kano, na dawo hutun damina ina ɗaga hanci.

Shekarar nan kogi ya cika ya shafe shinkafar fadama, idon Baba kuma ya fara hazo. Ya zaunar da ni a zaure, ya share rairayi da tafin hannu. Ya ce adadi iri uku ne. Ka tara duk abin da ke raba shi ba saura, ban da shi kansa. In jimillar ta gaza shi, mai giɓi ne. In ta zarce, mai rara. In ta faɗo daidai, kammalalle ne, kamar shida: ɗaya da biyu da uku.

"Malamina ya bar mini guda babba, ba na son ya bi ni kabari," in ji shi. "Dubu takwas da ɗari da ashirin da takwas. Wane iri ne?"

Na ciro fensir, don rairayi ya yi mini ƙauyanci. Na yi ta raba shi biyu har na iso ɗari da ashirin da bakwai, ya ƙi rabuwa. Na jera abokan rabon tun daga biyu har sittin da huɗu, na tara duka.

"Mai giɓi ne, Baba. Saura ɗaya ya cika."

"Sake dubawa."

"Na duba. Lissafinku na dā ne, in ba haka malaminka ya samu ba, ya yi kuskure."

Haka na faɗa, da wannan bakin nawa. Bai yi faɗa ba. Ya shafe rairayin, ya ce in na gano in aiko masa. Washegari masunta suka fitar da ni a kwalekwale, na nufi tashar jirgin ƙasa ko waiwaye ban yi ba.

Da kaka takardar rasuwarsa ta same ni a aji. Bayan sadakar bakwai na zauna a zauren nan, ba fensir, na sake aikin da yatsa. Ashe ɗaya na tsallake. Ɗaya, wanda ke raba kowane adadi, wanda ya fara ambata mini a cikin shida. Na sa shi, lissafi ya faɗo daidai.

Inna ta ce duk wanda ya sauko daga jirgin Kano sai Baba ya aika a tambaye shi, ko "wannan", wato ni, ya ba da saƙo. Na tsufa yanzu, abin bai daina ci mini rai ba. Kalma ɗaya yake jira, kammalalle, kuma ban aika ba.