Goɗiyar Gidan Bulo

Shekara talatin Baba Shiru ya yi yana jan amalanken doki, yana kai wa magina yashi. Da gwiwa ta fara ba shi matsala, sai ya samu aikin shara da zuba ciyawa a wani gida da ake jinyar dabbobin da aka ƙwato daga hannun masu azabtar da su. Bai cika magana ba, shi ya sa sunan ya bi shi.

Wata rana aka kawo jar goɗiya daga gidan buga bulo. Haƙarƙari duk a waje, baya duk shatin bulala, linzami ya tsaga mata gefen baki. Ranar da ta iso ta ciji mai ba da ruwa, ta fasa ƙofar barga da harbi.

Likitar gidan ta ce, "Baba, in ba ta lafa ba, ba mai iya duba ta. Ka kuwa san abin da zai biyo baya, kashe ta za a yi."

"A ba ni wata guda, likita."

Ya lura duk sanda ta hango tsintsiya mai dogon mariƙi sai ta haukace, don haka ya daina zuwa da ita. Kullum da hantsi yakan kife bokiti a bakin barga, ya zauna ya ba ta gefe, yana gyaran igiya. In ta kwantar da kunnuwa, ya ja baya. In ta sauke kai, ya tura mata dusa.

A mako na uku zumuɗi ya ɗebe shi, ya kai hannu wuyanta. Ta cafke masa kafaɗa.

A gida, matarsa tana gasa masa wurin da ruwan zafi tana mita. "Malam, ka rabu da dawaki lafiya, sai da furfura za ka kai kanka a cinye ka?"

"Laifina ne, na yi gaggawa." Ya ɗan nisa. "Irin shatin nan na bayanta, ni ma na yi wa dawakina. Ba sau ɗaya ba."

Ta sake tsoma tsumma a ruwan.

Washegari ya koma da hannu a rataye. Wata ya cika, ya roƙi ƙari, aka ba shi. Cikin na biyun ne goɗiyar ta yarda ya riƙe ta aka yi mata allurar barci. Likita ta buɗe bakin, sai ga karyayyen haƙori ya ruɓe har dasashi. Da aka cire shi, rabin faɗan ya tafi.

Yanzu tana kiwo a filin bayan gida tare da wani tsohon jaki. Tana tsayawa Baba ya goge mata jiki, ya duba kofato. Baƙo kuwa har gobe sai ya yi nesa da ita. Ba a hawanta, kuma Baba ya ce kada ma a gwada.